Hannun Anna Lalla

Na daɗe ina kewaye wannan shekara kamar yadda ake kewaye kududdufi a hanya. Na ba ku labarin aurena, na ba ku na rasuwar kakanku, na zuwana Makka kuwa kun ji shi har kun gaji. Amma shekarar da ƙungiyarmu ta mata masu aikin fata ta buɗe atiliye, wato ɗakin aiki na haɗin gwiwa, duk wanda ya tambaye ni a cikinku sai in aike shi ɗebo ruwa. Ba mantuwa ba ce. Abin da ke cikin shekarar ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma mai shi tana raye a lokacin. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, Cima matar ɗanta kuma ta ce in rubuta. To ga shi nan, har da laifina, ban cire komai ba.

Mu wajen arba'in ne a ƙungiyar. Muna ɗinka jaka da alabe da matashi da kuben wuƙa, kowace a ɗakinta, da askarta da basillarta. Yawancin matan ƴan tsohon garin Agadas ne, na lungunan nan da ke bayan babban masallaci, waɗanda suka gaji sana'ar tun kaka da kakanni. Ni kuwa daga unguwar Dagmanet, wajen tsohon gari, nake zuwa. Mahaifina mutumin Tawa ne, fatauci ya kawo shi, kuma ko da yake a Agadas aka yanke cibiyata, a wurin matan tsohon gari ni ɗiyar baƙo ce har gobe. Sun zaɓe ni shugaba ne don na yi lakwal, wato makarantar boko, ina karanta faransanci, kuma ba na jin nauyin shiga biro, wato ofis, in yi magana da mai kujera. Amma kowa ya san inda ainihin shugabancin yake. Yana wurin Anna Lalla, tsohuwar da duk garin ke kira Anna, wato uwa. Adon da ke fitowa daga ɗakinta, ɗinki ƙanana-ƙanana na koren fata a kan ja, ko daga nesa ka hango shi ka san na gidanta ne. In ta ce e, tsohon gari ya ce e. In ta yi shiru, to ka nemi tabarma ka zauna, don za ka daɗe.

Baƙin da ke zuwa yawon buɗe ido sun riga sun ɗauke ƙafa shekaru kafin nan. Kaya suka taru mana a ɗaki, fata tana bushewa tana tsagewa, mata suka fara barin basilla suna komawa suyar ƙosai. Ana cikin haka sai wani furoje, cikin masu kawo taimakon nan, ya neme ni. Suna da kekunan ɗinkin fata guda shida da ɗaki babba kusa da kasuwa, sun kuma samo mana wata mai kanti a Yamai da za ta riƙa ɗaukar jakunkuna, in dai girmansu ɗaya ne, ba wannan ta fi wannan da yatsa biyu ba yadda muka saba. Sharaɗinsu biyu ne. Duk ƴan ƙungiya su dangwala hannu a takarda, kuma aiki ya bar gidaje ya koma atiliye, wuri guda. Mako uku suka ba mu. In ba mu daidaita ba, kekunan za su wuce wurin wasu mata a Iferwan. Na fito daga biron nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna, ina ganin na ceto ƙungiya.

A nan na yi kuskuren da ɗiyar tsohon gari ba za ta taɓa yi ba. A wurinsu magana tana da hanyar da take bi. Duk abin da ya shafi sana'a, gidan Anna ake fara kai shi, da goro a ƙulle. Ita za ta kira manyan sauran gidaje, su juya shi, sannan kowace babba ta koma ta faɗa wa ƴaƴanta da matan ƴaƴanta da bakinta. Babba ba ta jin labari tare da na ƙasa da ita, balle ta ji shi daga bakinsu. Na san wannan sarai, shekara nawa ina bi. Amma mako uku ya tsaya mini a rai, na ga in na bi ta gidan Anna kwana goma sun tafi a gaishe-gaishe. Sai na zauna a tsakar gida, na danna salula, na yi bokal, saƙon murya mai tsawo, na tura wa kowa lokaci guda. Har da cewa mai kantin Yamai jar jaka ta fi so, har da ranar da za a kwashe kayan aiki daga gidaje. Babanku yana gefe yana warware igiyar buhunan albasar da aka kawo masa daga Tabelot, bai ɗago kai ba sai da na gama.

“Hajiya, ita Anna tana da salula?”

“Cima na da ita, za ta jiyar da ita.”

“To. Matar ɗa za ta ba uwar miji labarin sana'ar uwar miji ke nan.”

Na ce masa ya ji da albasarsa. Ya ce ai ita yake ji da ita, ita ba ta fushi.

Ranar taro na farko, rabin tabarmin babu kowa. Ba tsohuwa ko ɗaya daga tsohon gari, kuma matan ƴaƴansu da suka zo sun zauna can baya, bakinsu a rufe kamar an ɗinke. Waɗanda suka cika gaba su ne matasan matan unguwannin waje, da Balkisa a kansu. Balkisa ba ta kai talatin da biyar ba a lokacin, mijinta ya tafi wurin haƙar zinariya bai dawo ba, yara huɗu a hannunta, kuma keken nan shi ne duk abin da take hange. Ba na ganin laifinta ko yau. Tana da baki, kuma ni ce na koya mata amfani da shi. Wata daga baya ta miƙe a hankali ta ce an aiko ta ta faɗa cewa aikin fata a gida aka gaje shi, a gida zai zauna, ta koma ta zauna. Raina ya ɓaci. Maimakon in tambaya me ya sa, sai na buɗe baki na saki maganar da har yau in na tuna ta sai na runtse ido.

“Duk wadda ke gudun aiki a gaban jama'a, akwai abin da take ɓoyewa!”

Matasa suka yi shewa. Cima, matar ɗan Anna, tana can ƙarshen tabarma. Ta miƙe, ta gyara lulluɓinta, ta fita, sauran na tsohon gari suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. A lokacin na ɗauka girman kai ne kawai.

Mako na farko ya ƙare a haka. Ni kuwa, da yake kaina ya yi zafi, duk maganin da na sani shi ne ƙarin magana. Na sake yin bokal na bayyana amfanin keke. Na sa aka buga takarda na liƙa a ƙofar atiliye, ga matan da rabinsu ba sa karatu. Na tsare mata a kasuwa ina lissafa musu dalilai da yatsu. Duk wadda na tara sai ta ce ta ji, ta gaishe ni da gida, ta wuce. A gidan biki in na zauna, wadda ke kusa da ni sai ta tuna tana da aiki a wani wuri. Mutumin furoje ya kira ni sau biyu yana tambaya ina dosiye, wato takardunmu, ya kwana, ina ce masa ana kai. Balkisa ta zo har gida ta ce mu cire sunayen tsofaffin daga rajista, mu kafa ƙungiya sabuwa da masu so. Na tambayi mutumin furoje, ya ce a'a, ƙungiyar da ke da sunan adon Agadas ita suka zaɓa, in ta rabe babu keke. Abinci ya daina shiga mini. Wata safiya ina zaune da takardar dangwale, hannu goma sha bakwai kacal a kanta, babanku ya tsaya a kaina zai fita tasha.

“Kin yi magana kwana tara. Wa kinka saurara?”

“Ba su magana, mi zan saurara?”

“Ba su magana a taro. Kin tahi ɗakinsu?”

Na ƙulle goro na tafi tsohon gari da hantsi, cikin lungunan da babur ma sai ya karkata. Ranar farko Cima ta tare ni a zaure ta ce Anna tana hutawa. Rana ta biyu ta ce tana da baƙi, alhali ba takalmi ko ɗaya a ƙofar ɗakin. Na koma gida ina cin rai, na rantse ba zan sake ba, gari na wayewa kuma na sake ƙulle wani goron. A rana ta uku aka ce in shiga. Ɗakin Anna da duhu-duhu yake kullum, ƙanshin fata da na turare. Tana zaune a kan shimfiɗarta, bayanta a miƙe, allon yankan fata a gabanta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na ajiye goro, na ce na zo ne in ba da haƙuri a kan hanyar da na bi da magana, kuma yau ban zo da bayani ba, kunne na zo da shi. Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi tsami.

“Ɗiyar baƙo,” in ji ta, “ni da uwata da uwar uwata, ba a taɓa aiko muna da sana'armu cikin waya ba.”

“Na yi laihi, Anna.”

“Kin yi. Ina jakar da mai kantin ke so? Cima ta ce akwai ta gwaji.”

Jakar tana cikin mayafina. Mai kantin ta aiko da biyu, ja da koriya, jar tana wurin Balkisa, koriyar na zo da ita. Na miƙa mata. Hannunta ya wuce ta gefen jakar kaɗan kafin ya same ta, ban kawo komai a raina ba. Ta bi bakin ɗinkin da babban yatsa, ta juya ta, ta shinshina, ta ce keke ya yi layi miƙaƙƙe amma ba shi da tausayi, ya huda fatar ya wuce kima. Sannan ta ɗaga jakar daidai fuskarta, ta karkata ta wajen hasken ƙofa kamar yadda duk mai sana'a ke yi.

“Jan dai ya kama da kyau,” ta ce. “Wanga ba karan dahi ba ne, rinin kanti ne, amma ya kama.”

Na dubi jakar. Koriya ce shar, ko yaro ba zai ce mata ja ba. Na ɗago kai, sai idona ya faɗa cikin na Cima, tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwa. Ta girgiza mini kai sau ɗaya, a hankali. Maganar da na yi a taro ta dawo mini gaba ɗayanta, na ji kamar in nutse cikin ƙasar ɗakin. Na ce e, Anna, ya kama. Ban san yadda na ƙarasa gaisuwar ba.

Cima ta raka ni zaure, ta tura ƙofar waje ta rufe, ta jingina da ita. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, ba mai yawan magana ba. Ta ce shekara uku ke nan da idon Anna ya fara lalacewa. Ya fara kamar hazo, yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. An kai ta likita a ɓoye, an ce an makara. Duk adon da ya fito daga gidan a shekarun nan, hannun Cima ne. Anna tana faɗa mata zane, tana bin kowane ɗinki da yatsa, in ya kauce ta sa a warware. Tsofaffi biyu ne kawai suka sani, su ne suka ja sauran suka tsaya bayanta, sauran kuwa ba su tambayi dalili ba tunda Anna ce.

“In anka kai ta atiliye, Hajiya, rana guda ta isa. Za a aje mata basilla ta kasa ɗauka, gaban yaran da ta koya ma riƙon aska.”

“Don mi ba ku hwaɗa mini ba?”

“Yaushe? Kin tambaya?”

Daga nan ban koma Dagmanet ba, na shiga gidajen tsofaffin bi da bi, daga babba zuwa ta ƙasa da ita, kwana uku ina yi. Ban kai wa kowa bayani ba, ina zama ne in yi shiru har su gaji su yi magana. Ashe kowane gida da nasa. Wata jikin mijinta ya shanye, ba mai juya shi sai ita. Wata hannunta ya fara rawa, da safe kawai take iya aiki, kafin kowa ya tashi. Wata kuma haɗin koren rininsu ne ba ta so a gani, don shi kaɗai uwarta ta bar mata. Ba wadda ta ƙi keken kansa. Abin da ban taɓa tambaya ba ke nan, ni da na yi kwana tara ina kare keke.

Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya zo mini. Kwana biyar suka rage. Kalma ɗaya zan saka a kunnen Balkisa, kafin la'asar gari ya ɗauka, kuma tsofaffin da ke bin Anna ba tare da sanin dalili ba za su watse. In dangwala takardata, in karɓi kekuna, a ce ni Habsu na yi nasara. Na yini da wannan tunani, ina tsintar shinkafa ina zubar da mai kyau cikin tsakuwa. Ban fasa don ni waliyiya ce ba. Na fasa ne don na tuna yadda ta karkata jakar wajen haske, don kada in gane, na ji ba zan iya rayuwa da kaina ba. Washegari na koma ɗakinta. Kafin in gama gaisuwa ta katse ni.

“Koriya ce, ko?”

Ba ta jira amsata ba.

“Cima ba ta iya ƙarya, numfashinta ke tona ta. To kin sani. Mi za ki yi da shi?”

“Ba ni da abin yi da shi, Anna. Na zo ku hwaɗa mini yadda za a yi keken ga ya shigo, ba tare da kowa ta bar ɗakinta dole ba.”

Ta daɗe tana murza wani guntun fata a tsakanin yatsunta. Sannan ta tsara abin da ni mai lakwal ban iya tsarawa ba cikin mako biyu. A yanka ma'auni na kwali, guda ɗaya ga kowace irin jaka, yanka da haɗi na keke a yi su a atiliye, girma ya zo ɗaya. Ado da rini su zauna a gida, wurin masu su. Duk jakar da aka gama ta biyo ta ɗakinta kafin ta tafi Yamai, don yatsanta yana ganin abin da idon mutum goma ba ya gani. Amma ta kafa nata sharaɗin. Ita za ta faɗi wannan tsari a taro da bakinta, ni kuma in miƙe gaban kowa in janye maganar da na yi. Na ce na yarda. Mutumin furoje ne ya ba ni wuya. Ya buga alƙalami a tebur ya ce, Madam, kondisiyo kondisiyo ce, sharaɗi ba ya canzawa, wuri guda aka rubuta. Na ce masa mai kanti girma ɗaya ta nema, ba ɗaki ɗaya ba, kuma adon da ya sa suka zaɓe mu ba ya fitowa sai a gida. Ya tambayi dalili, na ce al'ada. Ya kira manyansa, ya sa ni zaman jira har azahar, sannan ya ce dakor, ya yarda, amma hannu arba'in cif yake so ran Alhamis.

Ran Alhamis da la'asar atiliye ya cika har ƙofa. Kekunan shida suna jere jikin bango cikin ledarsu. Anna ta shigo tana dafe da kafaɗar Cima, kamar yadda duk tsohuwa ke yi, aka zaunar da ita a gaba, Cima ta koma can baya cikin sa'o'inta, don matar ɗa ba ta zama kusa da uwar miji a taro. Na miƙe na ce maganar da na yi ta ɓoye-ɓoye maganar banza ce, na janye ta, kuma na tsallake manya wurin kai labari, ina neman gafara. Sai Anna ta faɗi tsarinta. Tsofaffi suka ce madalla. Balkisa ta miƙe, idonta jawur.

“Hajiya, ke kinka ce muna wuri guda. Mun bi ki, mun sha zagi a gari saboda ke. Yanzu kin tahi kin durƙusa, ado ya koma gidajensu, mu an bar mu da yanka da taka keke kamar ƴan ƙwadago. Yaushe za mu koyi ado? Ki hwaɗa muna dalili guda.”

Tana da gaskiya, kuma dalilin yana kan harshena. Anna tana zaune taku biyu daga inda nake, fuskarta a miƙe, hannunta ɗaya ya damƙe gefen zanenta.

“Na ga haka ya hi,” na ce. “Ba ni da wani dalili.”

Wata ta yi tsaki daga tsakiya. Amma keke keke ne, ba wadda za ta bar shi ya tafi Iferwan saboda fushi. Aka zagaya da takarda da tawada, hannu arba'in suka hau, mutumin furoje ya naɗe ta ya sa a jaka. Na sauke ajiyar zuciyar da na riƙe mako uku. Ban gama sauke ta ba Balkisa ta ce tunda an taru, kuma wa'adin shugabanci ya kusa cika, a yi zaɓe yau, ita ma tana so. Matasa suka goya mata baya da ihu. Ban damu ba sosai. Na ƙirga a raina, tsohon gari sun fi yawa, kuma Anna tana tare da ni.

Hajiya Ramatu, mai bi wa Anna a shekaru, ita ke gudanar mana da zaɓe kullum. Ta tsayar da mu biyu a gaba. To ƴar farin Hajiya Ramatu sunanta Balkisa, kuma kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko a kan wani yake. Don kada ta kira ɗaya ta bar ɗaya, sai ba ta kira sunan kowa ba. Ta ɗora hannu a kan wadda ta fi kusa da ita, Balkisa ce, ta ce masu son wagga su ɗaga hannu. Anna ta san shugaba mai ci ake fara kira, haka muke yi shekara da shekaru. Kafin kowa ya motsa, hannunta ya tashi sama, miƙe, kowa yana gani. Tsofaffin suka dubi juna. Sannan hannuwansu suka bi nata, ɗaya bayan ɗaya, har na matan ƴaƴansu. Daga can baya na hango Cima ta rabu da tabarma, bakinta a buɗe. Wannan karon ni na girgiza mata kai.

Da na ce a sake, an yi kuskure, tambaya ta gaba ita ce wane kuskure, kuma wa ya yi shi. Na tsaya ina kallon hannuwan. Da aka zo kaina, mata shida suka ɗaga. Guɗa ta tashi, aka rungume Balkisa. Na ciro makullin atiliye daga bakin zanena, wanda ko kwana ɗaya bai yi a wurina ba, na sa mata a hannu na ce Allah ya taya ta riƙo. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Shekara tara ina yi wa ƙungiyar nan bauta, na fita da hannu shida, kuma duk wanda ke ɗakin ya tafi da labarin cewa Anna ta sa ɗiyar baƙo ta durƙusa sannan ta yar da ita.

Ana watsewa mutumin furoje ya ce mata shida su tsaya a nuna musu yadda ake zare keke, aka kira har da Cima. Ta tsaya tana duban Anna, tana duban keken. Sai muryar Anna ta ratsa hayaniyar.

“Habsu! Zo ki raka ni gida.”

Ranar ce ta fara kiran sunana. Na je, ta miƙe ta saƙala hannunta a nawa, muka ratsa tsakiyar mata suna buɗa mana hanya, wasu suna ƙus-ƙus, wasu suna kallona da tausayi. Ta matso da bakinta kusa da kunnena.

“Yaran ga sun hi mu yawa, ɗiyata, kada ki sa a rai. Amma kin ga ni na hwara ɗaga miki, tun kahin kowa.”

Na ƙara riƙe hannunta.

“Na gani, Anna. Na gode. Ku ɗaga ƙahwa, ga dokin ƙohwa.”